Harshena yana saƙala wasali a Kazak, ina mafita?

Tambaya: Malam, ina karatun likita a Almati, a ƙasar Kazakistan. Wani mai koyarwa a intanet ya ce sai na iya cunkoson baƙaƙen Rashanci kafin in iya Kazak, harshen ƙasar, ni kuwa bakina kullum sai ya cusa wasali. Na fara jin kunyar yin magana da marasa lafiya.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, wannan malamin naka ne ke da matsala. Kazak dangin Turkanci ne, ba na Rashanci ba, kuma asalin kalmominsa ba sa farawa da baƙi biyu a jere. Abin da ka yi wa bread da primary na Turanci suka zama burodi da firamare shi suka yi wa kalmomin Rashawa: stol ya koma üstel, tebur ke nan, krovat ya koma kereuet, wato gado. Hatta sunan Barashe a bakinsu orys ne, don ba sa son fara kalma da r.

To daga ina ruɗanin ya fito? A 1940 aka mayar da rubutun Kazak kan haruffan Rashanci, aka riƙa rubuta sababbin kalmomin aro yadda suke a Rashanci, irin su traktor da sport. Sai masu koyarwar bogi su ga takarda su yanke hukunci. Ga kuma wasulan y da i gajeru ne ainun, har baƙo ya ji kisi, mutum, kamar ksi. Kullum sai an kawo mini wannan magana, na gaji da ita. Wasalin yana nan, gaɓa biyu ce. Wanda bai taɓa zama ya ƙirga gaɓoɓin kalma ɗaya ba, shi ne zai buɗe shafi yana karɓar kuɗin ɗalibai. Ka bi shi ka haɗiye wasulan nan, ka ga yadda ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma, za ta riƙa ruɗa ka.

Inda Hausa za ta kayar da kai shi ne ƙarshen kalma. Kazak yana rufe gaɓa da baƙi biyu: tört, huɗu; qart, tsoho; qant, sukari. Mu ba mu da wannan. In ka ƙara wasali ka ce qanty, ka ce sukarinsa ke nan, ma'ana ta sauya. Kai da za ka yini kana tambayar masu ciwon sukari, nan za ka sa ƙarfinka: ka faɗi qant, harshe ya tsaya a bayan haƙora, ka yi shiru.