Yaro ya ce ya gaji da zama: me za a saya masa?

Tambaya: Ɗana shekararsa uku. Da an ɗan zauna sai ya hau ƙorafi wai ya gaji, ba abin yi. Babansa ya ce a saya masa kwamfutar hannu mai wasannin koyon karatu, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me kika gani?

Amsa: 'Yar'uwa, ina bayanki. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa 1 a rana, kuma ana so ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki. In na'urar ta zama tasa, tsare wannan iyaka zai yi miki wuya, kullum sai an kai ruwa rana kafin ya saki. Abin da ya fi damuna ma shi ne, in duk sanda gundura ta taso aka miƙa masa waya, yaushe zai koyi nemo wa kansa abin yi? Wannan ɗan zaman da yake kuka da shi, a cikinsa ne dabara take zuwa.

Ku saya masa abin da ba ya wasa da kansa, sai yaron ya motsa shi: manyan bulolin gini na katako ko roba, fensir masu launi da takarda, ƙwallo. Ki zauna ku fara ginin tare, in ya shagala da ginin ki zame ki kama aikinki kusa da shi. Da farko zai riƙa biyo ki. Ki daure, ki mayar da shi cikin lallashi.

Tambaya: Kayan wasan 'ya'yana biyu sun cika kwando, amma ko kallonsu ba sa yi. In ƙaro sababbi?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Masu bincike a Jami'ar Toledo ta Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji a 2018, inda aka ba yara 'yan wata 18 zuwa 30 kayan wasa 4 a wani zama, 16 a wani. Da guda huɗun suka fi daɗewa kan abu ɗaya, suka kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Yawan ne yake raba musu hankali.

Ka bar musu kaɗan a waje, sauran ka ɓoye, bayan mako biyu ka musanya. Sai dai yayin tantancewar, in akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, ka cire duk abin da zai iya shiga bakinsa ya shaƙe shi, musamman ƙananan maganaɗisu da batirin nan mai kama da maɓalli, wanda in aka haɗiye yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu kacal.