Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske an yi garin jan ƙarfe a cikin Sahara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kakana maƙeri ne, kullum in yana jan zugazugi sai ya riƙa ce mana ai da can jan ƙarfe daga Azbin ake kawo shi, wai har da shi ake cefane. Ni dai na ɗauka hirar tsofaffi ce kawai. Don Allah a warware min. Daga wani mai karatu a Tibirin Gobir.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya tsoho ya fi ka gaskiya, sai ka je ka ba shi haƙuri. Garin sunansa Takadda, masana da yawa sun ce shi ne kufan da yanzu ake kira Azelik, arewa da Ingal a jihar Agadas. Matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka can a 1353, ya ce ruwan garin ma ya canza kala da ɗanɗano saboda ta kan jan ƙarfe yake bi. A cikin gidaje ake narka shi a mayar 'yan sanduna, ana sayar da masu kauri 400 a kan miskali ɗaya na zinariya (miskali wani ɗan ma'aunin nauyin zinariya ne), sirara kuwa 600 ko 700, kuma ka ji inda maganar kakanka ta fito, da siraran ake sayen nama da itacen girki, masu kaurin kuma gero da man shanu da alkama, har da bayi, wannan kam ba abin alfahari ba ne amma haka aka yi. Cikin ƙasashen da ya ce ayari na kai wa kayan akwai Barno da wata Kubar, wadda ake fassara ta da Gobir ɗinku.

Da masu tonon tarihi daga Faransa suka yi aiki a Azelik wajen shekarun 1970, sun tarar da kashin maƙera, wato dattin da ke saura in an narka ƙarfe, da kufan masallatai da maƙabartu. A Marandet kuma, kudu da Agadas, 'yan ƙananan tukwanen narka ƙarfe ne dubbai jibge a ƙasa.

Da Agadas ta taso a ƙarni na 15 sai ta kwashe kasuwar, Takadda ta mutu. Amma kusa da ita, a Tagidda-n-Tesemt, har gobe ana yin gishiri. In ka koma gida ka tambayi tsoho me suke kiran sandunan nan a bakinsu na maƙera, ka rubuto mana.