Filin Tambayoyi: Hanyar Zama Malamin Tattalin Arziki a Jami'a

Wani uba daga Kumo: 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, burinta ta koyar da ilimin tattalin arziki a jami'a, amma lissafi yana ba ta wahala. An ce mana fannin hadda ne, za ta iya. Gaskiya ne?

Alhaji, a sakandare ne hadda take fitar da ɗalibi. A jami'a ba ta kai shi aji uku. Tun daga JAMB ma sai ta rubuta Turanci da lissafi da tattalin arziki, da ɗaya daga cikin irin su gwamnati ko tarihi ko labarin ƙasa, kuma ana neman kiredit biyar, har da lissafin. Makaranta ba ta yi muku nisa ba: ga Jami'ar Jihar Gombe, ga ta Tarayya a Kashere. Amma da zarar ta shiga, kalkulas da aljabara da ƙididdiga ne za su tarbe ta, sannan ekonometiriks, wato auna ka'idojin tattalin arziki da alƙaluma. Nan ɗalibai da yawa suke zubewa. Mai son koyarwa yana buƙatar gama digiri da maki 3.50 cikin 5.00 zuwa sama, in da hali 4.50, kuma makin tarawa ake yi tun daga shekarar farko, wanda ya yi wasa da aji ɗaya da wuya ya farfaɗo. Ku samo mata malamin lissafi tun yanzu, ta riƙa zama da alƙalami kullum. Kada ta janye burinta don wannan, lissafi abu ne da yawan yi yake gyarawa.

Wani ɗalibin digiri na biyu daga Bauchi: Na haɗa alƙaluman kuɗin da gwamnati ke kashewa da na bunƙasar arziki tun daga 1981, na saka a manhajar ƙididdiga ta EViews, sakamakon ya nuna dacewar 0.98 cikin 1 tsakaninsu. Mai duba aikina ya dawo mini da shi, ya ce ba shi da ma'ana. Ina laifina?

Malam, mai duba aikinka ya yi maka gata. Duk abu biyu da suke hawa tare da shekaru, ko babu abin da ya haɗa su, kwamfuta za ta nuna maka alaƙa mai ƙarfi. Kuɗin gwamnati a naira ya ninka, farashin kaya ya ninka, yawan jama'a ya ƙaru, to lokaci ne yake jan su duka. Masana biyu, Granger da Newbold, sun fallasa wannan tarko tun 1974. Alamarsa ita ce abin da ka gani: dacewa kusan ɗaya, tare da awon Durbin-Watson, wanda ke nuna ko kuskuren awon wata shekara yana bin na shekarar baya, da ya faɗi ƙasa sosai da biyu.

Ka koma ka fara cire hauhawar farashi daga alƙaluman, kada ka gwama nairar 1985 da ta bana. Ka yi wa kowane jeri gwajin ADF don ka san ko yana da mazauni, wato yana komawa kan matsakaici guda, ko yawo yake yi. Idan wasu sun zauna yadda suke, wasu sai an ɗauki bambancin shekara da shekara sau ɗaya, hanyar awo ta ARDL za ta yi maka aiki. Idan akwai wanda sai an ɗauki bambanci sau biyu, wannan hanyar ba ta karɓarsa. Kuma ka lura, shekaru arba'in da 'yan kai ke hannunka. Ka cusa abubuwa bakwai, kowanne da jinkirin shekara uku, wato har da alƙalumansa na shekaru ukun baya, babu abin da zai rage da za a yi awo da shi.

Abin da ya fi damun mu shi ne tambayar kanta. Ɗaruruwan ɗalibai sun riga sun tatse waɗannan alƙaluman na Babban Banki a kan wannan batu. Alhali ga kasuwar Muda Lawal a gabanka, ga kasuwar hatsi ta Gombe, ga masu noman rani a Dadin Kowa. Yaya farashin masara yake tafiya daga kaka zuwa bazara, wa yake cin ribar ajiya, manomi ko dillali? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya suna komawa gidajen da suka zaɓa da tambayoyi lokaci-lokaci tun 2010, kuma ana sauke bayanan kyauta a intanet. Dubban gidaje ne, sun fi ƙarfin shekaru arba'in ɗinka nesa ba kusa ba. Sai dai za ka koyi manhajar ƙididdiga ta Stata ko R, kuma koyon zai amfane ka har digirin dakta.

Wata malama daga Azare: Na samu aikin ƙaramar lakcara. Me ke kai mutum farfesa?

Barka, Malama. Daga inda kike sai lakcara ta biyu, ta ɗaya, babbar lakcara, mataimakiyar farfesa, sannan farfesa, galibi da tazarar aƙalla shekara uku a kowane mataki. Ba tare da digirin dakta ba, da wuya ki wuce lakcara ta ɗaya, don haka ki fara shi da wuri. TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, tana ɗaukar nauyin karatun malaman jami'o'in gwamnati ta hannun makarantarsu, sannan AERC, cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, tana tallafa wa masu digirin dakta a wannan fanni. Ki shiga Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Najeriya, wadda aka kafa a 1957, ki riƙa kai takarda taronta na shekara. Ki guji mujallar da za ta karɓi kuɗi ta buga miki aiki cikin mako guda. A manyan matakai biyu na ƙarshe, farfesoshin wasu jami'o'i ake aika wa takardunki su tantance, kuma sun san irin waɗannan mujallun da sunayensu.