Fitilar da na ƙara wa mota ta ƙi kamawa, in canza ta ne?

Tambaya: Salam Oga. Akori-kura ce da ni mai makunnan nan na ƙari da aka rubuta AUX a jikinsu. Na sayo doguwar fitilar LED na haɗa, in na danna makunni ɗan hasken jikinsa na kawowa amma fitila shiru, kuma na auna wayar da mita na ga volt 12. Mai shago ya ce in ciko kuɗi ya ba ni mai tsada. In ciko?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, tsaya tukuna kar ka ciko ko sisi. Kwance wayoyin fitilar biyu ka taɓa su kai tsaye a kan batir, ja a fozitif, baƙa a nagatif. In ta haska to lafiyarta lau, matsalar a hanya take. Ka kuma duba ko ba a juya wayoyin ba, don yawancin LED ba sa kamawa in an juya musu, ba kamar tsohon ƙwan fitila ba.

Volt 12 ɗin nan da ka gani shi ke yaudarar mutane da yawa. Mita kusan ba ta jan wuta, ko silin waya ɗaya ne ya rage a haɗe za ta nuna maka 12 cif, amma da fitila ta fara ja sai wutar ta zube. Saboda haka ka auna fitilar na jone makunni na kunne, in lambar ta faɗi warwas to akwai inda haɗi ya saki ko ya yi tsatsa. Wurin da na fi zargi shi ne wayar bodi, wato baƙar wayar nagatif da ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota, mutane sai su ɗaure ta a kan fenti ko a kan ƙarfen da ke zaune kan roba, alhali wuta ba ta bi ta fenti. Kankare wurin sai ƙarfe ya fito fes, ka sa mata kan zobe ka ɗaure da noti tamau, ko ma ka ja ta har nagatif ɗin batir ka huta. Masu akori-kura ƙirar Ford Super Duty kuma ku lura, ban da wayoyin makunnan akwai wasu da kamfani ya ratsa da su daga ƙarƙashin bonet zuwa cikin mota, ba a jone suke da komai ba, littafin motar ne zai faɗa maka kalar kowace.

Tambaya: Malam tawa wat 300 ce, tana kamawa amma bayan 'yan mintuna fiyus ɗin amp 15 ya ƙone, na canza har na gaji. Wani ɗan rewaya ya ce in sa na 30 kawai.

Amsa: Don Allah kar ka sa. Wannan shawarar ita ke cinye motoci da gobara. Fiyus waya yake karewa, an zaɓe shi ne daidai da kaurin wayar da ke bayansa, in ka ninka shi wayar ce za ta yi zafi ta narke a cikin dashbod inda ido bai gani. Lissafin ba wuya, raba wat da volt, 300 a raba da 12 ya ba ka amp 25, ka ga layin 15 ba zai ɗauka ba. Gaskiya wat ɗin da ake rubutawa a kwali sau da yawa akwai ƙari, amma tunda naka sai ya jima yake ƙonewa to lodi ne ya yi yawa. Da nan take yake tashi da sai in ce waya ce ta goge tana taɓa bodi.

Makunnan AUX ba ƙarfinsu ɗaya ba, duba littafi ko akwai mai 30 ko 40 ka koma kansa. In babu, sayi rile mai amp 40, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya ba babbar wuta hanya, ƙafafunsa da lamba a jiki: 30 ta tafi batir da fiyus ɗinta dab da batir ɗin, 87 ta tafi fitila, 86 wayar AUX, 85 bodi. Shikenan makunni umarni kawai zai riƙa bayarwa. Waya kuma ka nemi mai kaurin geji 10 ta jan ƙarfe zalla, akwai mai araha da ake rubuta wa CCA, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, kankare silin da wuƙa za ka ga fari a ciki, ba ta ɗaukar lodi kamar ta ainihi kuma tana saurin rubewa a bakin haɗi.

Tambaya: Fitilata ƙarama ce ta hazo, sai na sayi haɗaɗɗiyar wayar nan mai rile da makunni?

Amsa: In motarka ta zo da AUX daga kamfani ba sai ka saya ba, akwai rile da fiyus a layin tun asali. Sayi waya mai kyau da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi ka rufe haɗin don ruwa, ka kuma sa fiyus daidai da siririyar wayar fitilar.