Amsa ga 'yar'uwa mai shayarwa da ke jinyar mahaifiyarta

'Yar'uwa, kin ce kina aiki a wani kamfani a Kumasi, ga goyo ga jinyar mahaifiya a Aboabo, kuma kina tambaya ko ya dace ki kai kukanki wurin aiki. Ya dace ƙwarai. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba mai haihuwa hutun aƙalla makonni 12 da albashinta, ta kuma ba mai shayarwa awa ɗaya a cikin lokacin aiki domin ta shayar da jaririnta. Wannan haƙƙinki ne, ba alfarma ba.

Game da jinya kuwa, ki sami jami'in kula da ma'aikata a keɓe, ki nuna masa takardar likita, ki nemi a sassauta miki lokacin shiga ranakun da za ki kai Hajiya asibitin Komfo Anokye, sannan ki tambaya ko suna da asusun jin daɗin ma'aikata ko mai ba da shawara da suke tura mutane wurinsa. Na ga wata maƙwabciyata ta yi shiru saboda kunya, har latti ya jawo mata takardar gargaɗi.

Ki duba katin inshorar lafiya ta ƙasa (NHIS) na Hajiya tun kafin wa'adinsa ya ƙare.