Dalilin da ya sa ba ma ƙara wa ruwan silin sanyi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke tsayar da ruwan da ke zagaya bututun silin mai sanyaya ɗaki a kan digiri 16 zuwa 18, alhali injin sanyaya ruwan yana iya sauke shi zuwa 7. Tambayar tana kan hanya, amma sai ka fara gane cewa wannan silin ba sanyi yake hurawa ba, zafi yake sha. Jikin mutum da bango da daɓe duk sun fi shi ɗumi, don haka zafinsu yake tafiya gare shi kai tsaye ba tare da iska ta ɗauka ba, kuma ta nan fiye da rabin aikin yake gudana. Ragowar kuwa iskar da ta ɗumama ce take hawa, ta taɓa farantin silin da bututun ruwan ke manne da shi, ta huce, ta sauko. Murabba'in mita ɗaya yakan kwashe wat 60 zuwa 100, kuma gaskiyarka, da an ƙara wa ruwan sanyi da adadin ya ƙaru.

Abin da ya ɗaure mana hannu shi ne raɓa. Ka ga yadda kwalbar da aka ciro daga firji take jiƙewa ta waje? Haka silin zai yi da zarar sanyinsa ya kai inda danshin iska yake komawa ruwa. A Kano, cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 kuma iska take a bushe, muna da sarari, kuma a ganina babu lokacin da tsarin yake nuna kansa kamar wannan. Amma a Agusta, da damina ta kankama, iskar waje kan yi raɓa a kan abin da yake digiri 20 ma, ballantana 7. Sai ka tarar da ɗigo jere a bakin farantin, fenti ya kumbura, fumfuna ta biyo baya.

Saboda haka muke haɗa shi da na'urar da ke tsotse danshin iskar da ake shigarwa, mu kafa ma'aunin danshi da zai ɗaga ɗumin ruwan ko ya rufe shi, mu kuma ja kunnen mai gida kada a bar taga a buɗe da damina. Kafin ka rufe kowane faranti, ka tabbata ka shimfiɗa abin tare zafi a bayansa, musamman a ƙarƙashin rufin kwano, in ba haka ba ruwan zai ƙare wajen shan zafin kwano ya bar mutanen ɗaki.