Daga Kazabulanka zuwa New York, nisan nawa ne?

Hajiya, kin ce ɗanki zai tashi daga Maradi zuwa karatu a Amurka ta hanyar Maroko, kina son sanin nisan tekun da zai tsallaka. Allah ya kai shi lafiya.

Daga filin jirgin Mohammed V na Kazabulanka zuwa filin JFK na New York kusan kilomita 5,800 ne, kuma kusan duka a kan tekun Atilantika. Maradi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, to ki ninka wannan hanyar sau tara. Jirgi yakan cinye ta cikin awa 8. Dawowa takan fi sauri, awa 7 ko kusa da haka, saboda akwai iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas: tafiya tana tare jirgi, dawowa tana tura shi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne agogo. Mun riga mutanen New York da awa 6 lokacin sanyi, awa 5 lokacin zafinsu. Idan kin idar da isha'i waya tana hannunki bai kira ba, kada hankalinki ya tashi, can rana ce tukuna, wataƙila yana layin duba fasfo.